Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Jawabi a Kan Ƙuda da Sunansa

Wannan shi ne jawabin da malaman kimiyya na reshenmu suka gabatar a taron ƙarshen zango da aka yi a Kaya. Mun buga shi yadda aka karanta shi, saboda 'yan uwa da iyalai da ba su samu halarta ba.



Malam shugaban reshe, Malam sakatare, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata da kuka taso daga Maradun da Bakura da Talata Mafara, da iyalanmu da suka rako mu, muna yi muku barka da zuwa. Mun san abin da aka saba tattaunawa a irin wannan zama: albashi, ƙarin girma, haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, da tsaron makarantu. Duk waɗannan suna nan tafe bayan mun zauna. Amma mu malaman kimiyya mun roƙi a ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan ƙuda, kuma muna roƙon ku jinkirta dariyar har ku ji dalili.

A daminar da ta wuce, wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta kawo wa ɗayanmu kwalin ashana. A ciki akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce da almuru ta ga irinsa sun taru a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansu, suna hawa suna sauka a iska kamar masu rawa, sai ta kama ɗaya. Ta ce, "Malam, mene ne sunansa?" Malam ya duba, ya ce, "Ƙuda ne." Ta ce, "Wane iri?" Ya ce ta bari sai gobe. Kafin gobe kiyashi sun shiga kwalin, ba su bar komai ba sai fiffike guda. Ba a rubuta ranar da aka kama shi ba, ba a zana shi ba, kuma yarinyar ba ta sake kawo wani ba. Da ya ba mu labari a ɗakin malamai babu wanda ya zarge shi, domin kowannenmu ya san amsar da zai bayar ke nan. Abin da ya dame mu shi ne yarinyar ta yi tambaya irin ta masanin kimiyya, mu kuwa muka sallame ta hannu wofi.

Bari mu fara da abin da ya kamata a ce mun gaya mata. A ilmin halittu, ƙuda dangi ne babba da ake kira Diptera, ma'ana masu fiffike biyu. Sauran ƙwari masu tashi galibi huɗu gare su. A bayan fikafikan ƙuda akwai wasu 'yan sanduna biyu masu dunƙule a kai, kamar makaɗin ganga, da su yake daidaita tafiyarsa a iska. Bisa wannan ma'auni sauro ƙuda ne, ƙudan tsando ƙuda ne, amma ƙudan zuma, duk da sunan da muka ba shi, ɗan uwan rina da zanzaro ne, domin fikafikansa huɗu. Nau'o'in ƙuda da masana suka riga suka sa wa suna sun haura 150,000, kuma kowace shekara ana ƙara wasu.

Masu rawa a iska da almuru ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ke fitowa daga laka a bakin dam da magudanun ruwa, masu kama da sauro amma ba su da tsinken cizo. Namijinsu yana da gashin kai kamar buroshi, kuma idan ya sauka yakan ɗaga ƙafafunsa na gaba. Akwai mazan sauro kansu, domin su ma da magariba suke taruwa su yi rawa, macen ta shigo cikinsu a yi barbara. Sannan akwai dangin da masana suka laƙaba wa suna ƙudan rawa, wato Empididae da 'yan uwansu Hybotidae. Ana gane ƙudan rawa da ɗan kai mai zagaye wanda idanu suka kusa cinyewa, da doro a baya, da dogayen ƙafafu, da baki mai tsini da ya dubi ƙasa. Mafarauci ne, yana kama ƙananan ƙwari ya tsotse su. A wasu nau'o'in namiji ba ya zuwa wurin rawa hannu sake: sai ya kamo ƙwaro ya miƙa wa mace, kamar mai kai toshi. Wasu sukan naɗe toshin cikin zaren da suke saƙawa da ƙafafun gaba, wasu kuma, don wayo, naɗin kaɗai suke kaiwa, ciki babu kome. Masu irin wannan rawa sun fi yawa a wurare masu sanyi da laima. A ƙasa mai zafi irin tamu an fi cin karo da ƙananan 'yan uwansu da ke gudu a kan ganye suna farauta, kuma waɗannan abokan manomi ne, ko da bai san da su ba.

To, idan masani ya kama irin wannan ƙuda, ta yaya yake sanin ko sananne ne ko kuwa ba a taɓa bayyana shi ba? Aikin yana da matakai, kuma babu wanda ya fi ƙarfin fahimtar ɗalibinmu. Da farko ya adana shi, a kan allura ko cikin ruwan sifirit, ya rubuta wuri da rana da sunan wanda ya kama. Sannan ya bi abin da ake kira mabuɗi, wato jerin tambayoyi biyu-biyu: jijiyar fiffike kaza ta rabu biyu ko ba ta rabu ba, cinyar tsakiya tana da ƙaya ko ba ta da ita, gashin kai fari ne ko baƙi. Kowace amsa tana kai shi ga tambaya ta gaba, har ya iso ga suna. Idan mabuɗin ya ƙare bai dace da kowa ba, nan aiki ya fara. A ƙudan rawa, nau'o'i da yawa kamarsu ɗaya a ido, sai a gaɓar haihuwar namiji ake rarrabe su. Dole a cire ƙarshen cikin, a jiƙa shi a sinadari har ya yi garau, a duba a madubin likita, a zana, a gwada da zanen duk danginsa da aka sani, wani lokaci har a nemi aron na asali daga gidan adana ƙwari na wata ƙasa. Idan ya tabbata daban yake, sai masanin ya rubuta cikakkiyar siffarsa, ya zaɓi guda ɗaya ya zama abin aunawa har abada, ya ajiye shi a gidan adanawa inda kowa zai iya zuwa ya duba, ya wallafa a mujallar masana.

Sunan kashi biyu ne, na dangi da na nau'i, kamar a ce sunan gida da sunan yanka, a bi shi da sunan wanda ya raɗa da shekara. Wannan tsari ya samo asali daga littafin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, bugun 1758, kuma Empis, sunan da dangin ƙudan rawa suka samo nasu daga gare shi, yana cikin sunayen da ya raɗa a wannan bugu. A nahiyarmu, K. G. V. Smith ya wallafa babban nazari a kan ƙudan rawa na kudancin Afirka a 1969. A 2017 kuma aka fara fitar da kundin ƙudajen Afirka kudu da Sahara a ƙasar Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Ashley Kirk-Spriggs da Bradley Sinclair, wanda shi kansa gwanin ƙudan rawa ne, kuma ana samun kundin kyauta a intanet. Tun 2003, bayan shawarar Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada, ana ƙarawa da karanta wani ɗan yanki na sinadarin gado, DNA, a gwada na wannan da na wancan. Amma har yau mataki na farko bai canja ba: wani ya kama, ya adana, ya rubuta wuri da rana. Wannan shi ne matakin da ya kuɓuce mana a kwalin ashana.

Wani zai ce, ina ruwan mai noman rani a Bakolori da gaɓar ƙuda? Za mu kawo misalai biyu, dukansu daga ƙasar nan.

Na farko a gonar shinkafa yake. Akwai wani ɗan ƙuda mai kama da sauro da ke yin ƙwai a ganyen shinkafa. Tsutsarsa takan gangara cikin zuciyar tsiron, sai maimakon ganye ya buɗe, ya fito dogo, rufaffe, fari-fari, kamar ganyen albasa. Duk reshen da ya yi haka ba zai fid da kai ba. Shekaru da dama ana ɗauka wannan ƙuda shi ne wanda aka sani a gonakin Asiya, Orseolia oryzae. Sai a 1982 masana biyu, Keith Harris na Landan, wanda ya taɓa aiki a Samaru a kan ƙwarin dawa da gero, da Raymond Gagné na Amurka, suka duba da kyau suka nuna na Afirka nau'i ne mai zaman kansa, suka sa masa suna Orseolia oryzivora. Wannan ya bayyana abin da masu bincike suka yi ta gani: yawancin irin shinkafar da ke jure wa na Asiya, da aka gwada shi a nan sai ya faɗi. Da ƙudan ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki a 1988, dole aka koma neman irin da ke jure wa namu, kuma cikin abin da aka samu akwai FARO 51.

Labarin bai ƙare nan ba. Manoma sukan ga irin wannan ganyen albasa a jikin ciyawar tumbin jaki da ke bakin gona, kuma mai hankali zai ce a nome ta, nan ƙwaron ke ɓuya. A 1999 Harris da abokan aikinsa suka nuna ƙudan da ke tumbin jaki wani nau'i ne dabam, suka kira shi Orseolia bonzii. Ba ya taɓa shinkafa. Abin da ya fi haka, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin zanzaro, masu kashe tsutsar ƙudan shinkafa, a jikinsa suke rayuwa kafin shinkafa ta taso. Ashe ciyawar da za a nome rumbun mayaƙan manomi ce. Inda maƙiyin yake rani kuwa shi ne shinkafar daji mai saiwa a ƙasa da kuma toho da ke fitowa bayan yanka. Ƙudaje biyu, kamarsu ɗaya, ɗaya a yaƙe shi, ɗaya a bar shi. Manomin da bai rarrabe ba zai kashe kuɗinsa a feshi, maganin bai isa ga tsutsar da ke ɓoye cikin kara ba, ya kuwa hallaka masu taimakonsa.

Misali na biyu ya shafi kowane gida da ke wannan zauren, domin babu wanda zazzaɓin cizon sauro bai taɓa kwantar masa da yaro ba. Sauron da ya fi yaɗa cutar a Afirka an sa masa suna Anopheles gambiae tun 1902. Sai a wajen shekarun 1960, ta hanyar haɗa na wannan wuri da na wancan a ɗakin gwaji, aka gano suna ɗaya ya lulluɓe nau'o'i da dama waɗanda ido ba ya rarrabewa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wani babban gwaji a gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An fesa magani a bangon ɗakuna, an raba ƙwayoyi, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba. Wani masani daga Roma, Mario Coluzzi, da abokan aikinsa suka riƙa duba zaren gado da ke cikin ƙwayayen macen sauro, wanda ke da ratsi-ratsi kamar saƙaƙƙen zane. Da tsarin ratsin suka riƙa bambanta Anopheles gambiae da Anopheles arabiensis, suka kuma nuna ko a cikin nau'i guda akwai masu hutawa a ɗaki da masu fita waje bayan sun yi cizo. Wanda bai sauka a bango ba kuwa, feshin bango ba ya samunsa.

Daga baya aka ga shi kansa gambiae ɗin gida biyu ne. A 2013 Maureen Coetzee ta Afirka ta Kudu da abokan aikinta suka raɗa wa ɗayan suna Anopheles coluzzii, don tunawa da Coluzzi da ya rasu a 2012. Bambancinsu ya shafe mu kai tsaye. Gambiae ya fi son kududdufin ruwan sama mai saurin ƙafewa, don haka da damina yake tashe. Coluzzii kuwa ya fi sabawa da ruwa mai daɗewa, irin na fadamar shinkafa da wuraren ban ruwa. Mu da muke zaune a gindin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, mun san ruwa ba ya yanke mana rani da damina. Wannan ni'ima ce da muke ci daga gare ta, amma tana nufin kada a naɗe gidan sauro a ajiye don damina ta wuce. Ga kuma baƙo: Anopheles stephensi, sauron Asiya mai haihuwa a tankuna da randunan birni, an gan shi a Jibuti a 2012, a Habasha a 2016, a Jihar Gombe a 2020. Ba a san ya shigo ba sai da wani ya kama sauro ya ƙi yarda da cewa duk sauro sauro ne.

'Yan uwa malamai, ga inda maganar ta dawo kanmu. Kowace shekara ɗalibanmu suna shiga jarrabawar WAEC da NECO, a ajiye musu ƙwaro a kan tebur a ce su zana, su faɗi danginsa da dalili. Da yawansu ranar ce ta farko da suka taɓa duban ƙwaro da niyyar gani. Mun koya musu Diptera a allo, sun haddace, amma ba su taɓa ƙirga fiffike ba. Alhali iyayensu masana ne a nasu fagen. Bahaushe bai ce wa kome "ƙwaro" ya yi shiru ba: ya raba tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, ya raba fara da babe da ɗango, ya raba gara da zago da shinge. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan sunaye, waɗanda jikokin masu su suka fara mantawa. Idon da ya yi wannan rarrabewa shi ne idon da kimiyya take nema.

Ba mu manta da halin da muke ciki ba. Tun bayan abin da ya auku a garin nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka ɗauke mana ɗalibai aka kuma rufe makarantu, babu malamin da zai kwashi yara ya nufi daji ko bakin kogi da sunan nazari, kuma ba mu ce a yi ba. Abin da muke nema duk ana iya yinsa a cikin shingen makaranta da tsakar gida, da rana tsaka. Buƙatunmu huɗu ne.

Na ɗaya, kowace makaranta ta buɗe littafin ƙwari. Duk abin da yaro ya kawo a sa shi a 'yar kwalba mai murfi da sifirit na kemis, a saka takarda a ciki da aka rubuta da fensir, domin tawadar biro narkewa take: wuri, rana, a kan me aka same shi, wa ya kama. A littafin a zana shi, a rubuta sunansa na Hausa idan wani dattijo ya sani. Kwano mai launin rawaya da ruwa da ɗigon sabulu, idan aka ajiye shi a gindin shuka daga safe zuwa la'asar, zai tara abin da zai ishi aji guda nazarin mako.

Na biyu, a koya wa kowane yaro, tun daga firamare, bambancin tsutsar sauro. A ɗebo ruwan kwata ko na tsohuwar taya a kofin gilashi. Wadda ta kwanta a miƙe a saman ruwa ta Anopheles ce, mai kawo zazzaɓi. Wadda ta rataya kai ƙasa ta wani dangi ce. Babban Anopheles kuma idan ya sauka yakan ɗaga bayansa sama, fikafikansa da ɗige-ɗige. Yaron da ya ga wannan da idonsa shi zai riƙa kifar da gwangwanaye a gidansu ba sai an sa shi ba. A nan muna roƙon iyayenmu mata, ku da kuka fi kowa sanin randa da kwatar gida, idan yaro ya zo da kofi yana leƙe-leƙe, kada a kore shi, aikin makaranta yake yi.

Na uku, muna roƙon shugabannin reshe su sa a cikin abin da za su gabatar wa hukumomin ilmi buƙatar madubin hannu mai ƙara girma, ko guda goma ne ga kowace makaranta, da madubin likita mai aiki ko ɗaya ne. Kafin a samu, mu da muke wannan jawabi mun amince za mu haɗa kuɗi mu sayi na hannu da za a riƙa kewayawa da su tsakanin makarantunmu.

Na huɗu, reshe ya rubuta wa sassan nazarin halittu da aikin gona na manyan makarantun da ke kusa da mu, a Bakura da Talata Mafara da Gusau da Sakkwato, da kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke da tsohon ɗakin adana ƙwari, a nemi wanda zai riƙa duba abin da ya gagare mu sau ɗaya a zango. Kwalba mai cikakkiyar takarda abu ce da masani ke maraba da ita, domin da irinta ake gina dukan wannan ilmi.

Ba mu yi wa kowa alkawarin za a samu sabon ƙudan rawa a Kaya ba. Alkawarin da muka ɗauka ƙarami ne: duk yaron da ya sake kawo mana kwalin ashana, za mu ajiye alli mu duba tare da shi, mu ƙirga fiffike, mu rubuta rana, in abin ya fi ƙarfinmu mu tura gaba. Ita kuma wannan ɗaliba, malaminta ya neme ta ya ba ta haƙuri, ya kuma damƙa mata littafin ƙwari na makarantarsu, ita za ta riƙe shi zango mai zuwa.

 Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya tsare mana ɗalibanmu a hanyarsu ta zuwa da komawa, Ya sa albarka a noman bana.